Ƙarfin musayar nutirino ba “ƙarfi na biyar” ba ne, kuma ba a kusa auna shi ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, muna neman ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi gyara da ƙarin haske kan labarin da ya fito a shafin kimiyya game da ƙarfin da nutirino, wata ƙwaya mara caji mai ɗan mitsitsin nauyi, ke haddasawa tsakanin sauran ƙwayoyin da suka gina atam. Mun ji daɗi da jarida ta taɓo wannan fanni da Hausa. Sai dai labarin ya zame a wurare biyu. An kira abin “ƙarfi na biyar”, sai ka ce wani baƙo ne da aka gano jiya, sannan an nuna wa mai karatu cewa saura ƙiris a auna shi. Ko ɗaya ba haka yake ba. Wannan ƙarfi reshe ne na ƙarfi mai rauni, ɗaya daga cikin huɗun nan da aka daɗe da sani (sauran ukun su ne jan nauyi, ƙarfin lantarki da maganaɗisu, da ƙaƙƙarfan ƙarfin da ke riƙe cibiyar atam), kuma an fitar da lissafinsa tun 1968. Batun aunawa kuwa, duk wanda ya zauna da alƙalami ya saka lambobin zai ga inda gizo ke saƙar. Lambobin ne muka kawo.

Tunanin ma ya girmi 1968 nesa ba kusa ba. Pauli ya kawo shawarar cewa akwai nutirino a 1930, Fermi ya gina nazariyyar ruɓewar beta, wato yadda cibiyar atam ke sakin ilektaron, a kansa cikin 1933 zuwa 1934, kuma a 1934 ɗin ne Tamm da Ivanenko a Rasha suka gwada ko musayar ilektaron da nutirino ce ke riƙe furoton da niyutiron a cibiyar atam. Lissafin ya ba su ƙarfin da bai kai ko kusa da abin da ake buƙata ba, abin da ya buɗe wa Yukawa hanyar kawo ƙwayarsa ta meson a 1935. Gamow da Teller a 1937, sannan Feynman a laccocinsa na farkon shekarun 1960, sun duba ko jan nauyi kansa daga musayar nutirino yake fitowa. Bai yi ba. Gerald Feinberg na Jami’ar Columbia da Joseph Sucher na Jami’ar Maryland a Amurka su ne suka fitar da amsar da ake aiki da ita har yau: makamashin da ke tsakanin ƙwayoyi biyu masu tazarar r shi ne V = G²/(4π³r⁵), inda G yake adadin Fermi, ma’aunin girman ƙarfi mai rauni.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne cewa ba nutirino guda ake musanyawa ba, biyu ne, nutirino da kishiyarsa, wato antinutirino. Dalilin yana cikin juyin ciki da kowace ƙwaya take da shi. Na foton, ƙwayar haske, cikakken 1 ne. Na ilektaron da furoton da niyutiron da nutirino rabi ne. Ilektaron na iya sakin foton ya ci gaba da zama ilektaron, domin a ƙa’idar haɗa juyi rabi da ɗaya suna iya ba da rabi. Rabi da rabi kuwa ba sa ba da rabi, sai sifiri ko ɗaya. Saboda haka ilektaron da ya saki nutirino guda ya tashi daga zama ilektaron, kuma ba a maganar tsayayyen ƙarfi tsakanin abubuwa biyu idan ɗayansu ya rikiɗe ya zama wani abu. Amma in ya saki nutirino da kishiyarsa tare, ɗaya ƙwayar ta haɗiye su tare, kowa ya koma yadda yake. A zanen Feynman wannan zobe ne rufaffe, kuma duk ƙarfin da ya fara daga zobe ba shi da takwara a tsohuwar fiziks ta Newton da Maxwell. Ɗan’uwansa na kusa shi ne ƙarfin Casimir da Polder na 1948, musayar foton biyu tsakanin atam biyu marasa caji, wanda makamashinsa ke raguwa da 1/r⁷.

Wannan 5 da ke kan r ba sai an yi dogon lissafi ake gano shi ba. A tsarin ma’aunin da masu wannan fanni ke aiki da shi, ana ɗaukar ħ (adadin Planck) da c (gudun haske) a matsayin 1, sai nisa ya zama 1 bisa makamashi, wato 1/GeV daidai yake da femtomita 0.197 (eV ma’aunin makamashi ne, GeV shi ne eV biliyan ɗaya, femtomita kuma mita 10⁻¹⁵). Adadin Fermi 1.166 × 10⁻⁵ GeV⁻² ne. Yana fitowa sau biyu, sau ɗaya a wurin saki, sau ɗaya a wurin haɗiya, don haka G² na ɗauke da GeV⁻⁴. Amsar da ake nema makamashi ce, GeV guda. In an ɗauka nutirino ba shi da nauyi, babu wani abu mai ma’auni da ya rage a hannu sai r. Dole ke nan a raba da r sau biyar. Ƙarfin kansa, wato yadda makamashin ke sauyawa da nisa, yana raguwa da 1/r⁶: a ninka tazara biyu, ya ragu ninki 64, alhali jan nauyi ninki 4 kawai yake raguwa.

Fitar da 4π³ ɗin ne ke buƙatar aiki, kuma a nan ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. In an lissafa zoben, amsar farko da ke fitowa ba ta da iyaka, sai mutum ya zaci ya yi kuskure ko nazariyyar ta rushe. Abin yi shi ne a raba amsar gida biyu gwargwadon yadda ta dogara da q, wato yawan motsin da aka miƙa tsakanin ƙwayoyin. Kashin da ba shi da iyaka yana zuwa ne a siffar q² zalla, kuma in an mayar da shi zuwa nisa ta hanyar juyin Fourier ba ya ba da komai sai a daidai r = 0. Bai shafi ƙarfi mai dogon zango ba, a ajiye shi gefe. Kashin da ake so shi ne mai siffar q² ln q², wanda ke zuwa da G²/(12π²) a gabansa. Juyin Fourier na q² ln q² yana ba da 3/(πr⁵). A haɗa su, sai ga G²/(4π³r⁵). Alamar ta fito da ƙari, ma’ana ƙwayoyi iri ɗaya tunkuɗe juna suke yi, ba jan juna ba.

A Daidaitaccen Tsarin ƙwayoyi na yau ana ninka wannan amsa da cajin rauni na kowace ƙwaya, sannan a tara a kan nau’o’in nutirino uku. Da s² wajen 0.23, wato adadin kusurwar Weinberg, cajin niyutiron −1/2 ne ga duka ukun. Na furoton 1/2 − 2s² ne, wajen 0.04, kusan babu. Ilektaron yana da fuska biyu: ga nutirinon ilektaron cajinsa 1/2 + 2s² ne, wajen 0.96, domin akwai ƙarin hanya ta ƙwayar W, ɗaya daga cikin masu ɗaukar ƙarfi mai rauni, ga sauran biyun kuwa −0.04. In aka tara a atam cikakke mai furoton Z da niyutiron N, s² ɗin yana soke kansa, sai a sami Z − N/2 ga nutirinon ilektaron da −N/2 ga sauran biyun. Waɗannan cajin ba ƙage ba ne, an auna su. A 2017 gwajin COHERENT a Oak Ridge ya ga nutirino yana karo da cibiyar atam gaba ɗayanta, kamar yadda Freedman ya yi hasashe a 1974, da yawan da ke bin N². Shi ya sa ba mu san wani masani da ke shakkar wanzuwar ƙarfin ba. Kowane ƙulli na zoben an gwada shi a wani wuri dabam, zoben a haɗe ne ba a gani ba.

Daga nan kuma ake ganin dalilin da ya sa ba zai taɓa zama tushen jan nauyi ba. Yana tunkuɗawa, yana mutuwa da sauri, sannan yana bambanta abu da abu. A titaniyom mai Z = 22 da N = 26, adadin 2Z − N a kan kowace ƙwayar cibiya 0.375 ne. A filatinom mai Z = 78 da N = 117, 0.20 ne. Kusan ninki biyu ke nan. Tauraron ɗan’adam na Faransa mai suna MICROSCOPE ya saki waɗannan ƙarafa biyu suna faɗuwa a kewayen duniya, kuma sakamakonsa na 2022 ya nuna faɗuwarsu ɗaya ce har zuwa wajen kashi 1 cikin 10¹⁵.

To yaya girmansa yake? A ɗauki niyutiron biyu. Cajin ya ba da 3 × 1/4, sai V = 3G²/(16π³r⁵). A tazarar femtomita 1, irin ta cikin cibiyar atam, wannan wajen 2.5 × 10⁻⁷ eV ne, alhali abin da ke riƙe furoton da niyutiron a cibiyar dutiriyom, wato haidurojin mai nauyi, eV miliyan 2.2 ne. Bambancin sifiri 13 ne, irin bangon da Tamm da Ivanenko suka ci karo da shi. A nanomita 1, wato mita 10⁻⁹, makamashin ya koma 2.5 × 10⁻³⁷ eV. In aka kwatanta da jan nauyi tsakanin niyutiron biyun, suna yin kunnen doki a wajen nanomita 0.7. Ƙasa da haka nutirino ne a gaba, sama da haka jan nauyi ya wuce, kuma ratar tana buɗewa da r⁴. A maikiron 1, wato mita 10⁻⁶, makamashin nutirino kashi 2 ne cikin 10¹³ na jan nauyi, a maikiron 50 kuwa kashi 3 cikin 10²⁰.

Mun ambaci maikiron 50 ne da gangan, domin nan ne iyakar da gwaje-gwajen jan nauyi suka kai. Na’urar ƙungiyar Eöt-Wash a Jami’ar Washington faifai ne mai tsarin yanka-yanka na abu mai nauyi da mara nauyi, a rataye da siririn zare. A ƙarƙashinsa wani faifan mai irin wannan tsari yana juyawa a hankali, sai jan nauyi ya riƙa murɗa na saman, ana karanta murɗawar da hasken da ke dawowa daga madubi. Tsakanin faifan biyu an shimfiɗa siririn fallen ƙarfe da aka shafe da zinare don ya tare lantarki. Kaurin fallen nan, da ƙura, da rawar ƙasa, da ɗigo-ɗigon cajin da ke zama a fuskar ƙarfe, su ne ke hana a matso da faifan kusa. A 2020 sun kai maikiron 52, kuma aiki ne na a yaba. Amma a wannan nisa da ƙyar ake auna jan nauyin kansa, balle abin da ya gaza shi da sifiri 19 ko 20.

Mai karatu zai ce to a matso kusa mana, tunda a nanomita ƙarfin ya kamo jan nauyi. Nan ne ake gudun gara a faɗa gidan zago, domin ƙasa da maikiron ba jan nauyi ne abokin takara ba, ƙarfin Casimir ne. Tsakanin faranti biyu na ƙarfe masu cikakken santsi matsin Casimir 1.3 × 10⁻²⁷ ne a raba da d⁴, a ma’aunin faskal in d na mita ne. A nanomita 100 faskal 13 ke nan, a nanomita 10 kuwa ya kai matsin iskar da muke shaƙa. Ga na nutirino: in makamashin kowane atam biyu C/r⁵ ne, tarawa a kan faranti biyu masu kauri tana ba da matsi πCn²/(3d²), inda n yake yawan atam a mita kubik. Zinare yana da Z = 79 da N = 118, da n wajen 5.9 × 10²⁸. Lissafinmu ya ba da C wajen 3.9 × 10⁻⁹⁷ a ma’aunin jul da mita, matsin kuma wajen 1.4 × 10⁻²⁵ faskal a nanomita 100. Wato sai an san matsin Casimir har zuwa lamba ta 26 kafin a cire shi a ga abin da ya rage, alhali gwaje-gwajen Casimir mafiya kyau a kan kashi ɗaya cikin ɗari ko makamancin haka suke fama, saboda kaushin fuskar ƙarfen da yadda zinare na gaske ke amsa haske.

Duk wannan da zaton nutirino ba shi da nauyi ne, kuma yana da shi. Super-Kamiokande a Japan a 1998 da SNO a Kanada a 2001 da 2002 sun nuna nutirino yana rikiɗa daga nau’i zuwa nau’i, abin da ya kawo wa Kajita da McDonald kyautar Nobel ta 2015. Bambancin murabba’in nauyin wajen 7.5 × 10⁻⁵ ne da 2.5 × 10⁻³ a eV², don haka aƙalla ɗaya daga cikin ukun ya kai 0.05 eV. Daga sama kuma gwajin KATRIN a Karlsruhe ta Jamus ya sa iyakar 0.45 eV a 2025. Nauyi yana yanke wa ƙarfin zango a nisan 1/(2m), inda m yake nauyin nutirinon, kuma 2 ɗin saboda ƙwayoyi biyu ake aikawa. Ga 0.05 eV wannan maikiron 2 ne. Bayan nan ƙarfin yana zubewa da e^(−2mr), wanda a maikiron 52 ya kai e^(−26). In mafi sauƙin nutirinon kusan ba shi da nauyi, kasonsa ne kaɗai zai tsira zuwa nesa.

A nan ne, a ganinmu, abin sha’awar gaske yake, kuma labarin bai taɓo shi ba. Har yau ba a san ko nutirino da kishiyarsa abubuwa biyu ne, kamar yadda lissafin Dirac ya tanada, ko abu ɗaya ne, kamar yadda Majorana ya nuna zai yiwu a 1937. Grifols da Massó da Toldrà sun lissafa a 1996 cewa ƙarfin ya bambanta a hali biyun. Na Dirac G²m³K₃(2mr)/(4π³r²) ne, na Majorana G²m²K₂(2mr)/(2π³r³), inda K yake aikin Bessel. Mai son tabbatarwa ya saka K₃(x) ≈ 8/x³ da K₂(x) ≈ 2/x² ga ƙaramin x, zai ga duka biyun sun koma amsar 1968. A nesa kuwa na Majorana ya gaza na Dirac da ninkin 2/(mr). Dalilin shi ne ƙwayoyi biyu iri ɗaya sak ba sa iya zama a hali ɗaya, don haka a bakin iyakar samar da su, lokacin da kusan ba sa motsi, hanyar ta toshe wa na Majorana. A takarda wannan hanya ce ta amsa ɗaya daga cikin manyan tambayoyin fannin. A ɗakin gwaji kuwa bambancin yana bayyana ne a maikiron, daidai inda muka ga ƙarfin ya gaza jan nauyi da sifiri 13.

Akwai wani darasi daga tarihin fannin da ke nuna yadda lissafin nan ke yaudarar ko da gwanaye. A 1996 Ephraim Fischbach ya duba tauraron niyutiron, inda niyutiron wajen 10⁵⁷ suke cushe a ƙwallon da rabin faɗinsa kilomita 10 ne. Zoben nutirino ba dole ya tsaya a kan ƙwayoyi biyu ba, yana iya ratsa huɗu, shida, har abin da ya fi haka. Kowace ƙwayar da aka ƙara tana ninka amsar da wani adadi mai kamar GN/R², inda N yake yawan niyutiron, R kuma rabin faɗin tauraron, kuma a wannan tauraro adadin ya kai wajen 10¹². Jerin sai ya yi ta kumbura har makamashin ya zarce nauyin tauraron, shi kuwa ya yanke cewa dole nutirino ya kai aƙalla 0.4 eV don ya yanke zangon. Smirnov da Vissani, da Abada da Gavela da Pène, sannan Kiers da Tytgat a 1998, suka nuna inda matsalar take: ba a tara jeri ɗaya bayan ɗaya in adadin da ake faɗaɗawa da shi ya fi 1, balle 10¹². Hanyar da ta dace ita ce a ɗauki tauraron a matsayin rami guda da nutirino ke ji, mai zurfin Gn/√2, inda n yake cunkoson niyutiron. Da niyutiron 0.3 a kowane femtomita kubik, zurfin wajen eV 20 ne kacal. A warware lissafin nutirino a cikin ramin kai tsaye, sai makamashin ya fito ɗan mitsitsi. Bayanan sararin samaniya na baya, da suka sa jimillar nauyin ukun ƙasa da wajen 0.12 eV, sun rufe batun 0.4 ɗin.

Muna zaton maganar “saura ƙiris” ta samo asali ne daga aikin da Ghosh da Grossman da Tangarife da Xu da Yu suka fitar a 2022. Sun tambaya: in akwai ambaliyar nutirino na gaske da ke ratsa wurin fa? Rana tana aiko da wajen biliyan 60 ta kowane santimita murabba’i a kowace daƙiƙa. Tashar nukiliya tana fitar da wajen 2 × 10²⁰ a daƙiƙa a kan kowane gigawat na zafi, don haka a mita 10 daga tasha mai gigawat 3 ana samun kusan 5 × 10¹³ a santimita murabba’i. A irin wannan hali ɗaya gefen zoben nutirino ne na gaske wanda ya riga ya zo da makamashinsa, ɗaya gefen kaɗai ake arowa. Sai yankewar nauyi ta ɗauke, makamashin kuma ya iya komawa 1/r maimakon 1/r⁵. Ƙari ne mai yawan gaske, kuma su da kansu sun rubuta cewa ya matso kusa da abin da na’urorin yanzu ke iya ji.

Amma sun haɗa da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ke faɗuwa a hanya kafin labari ya iso jarida. Ƙarin yana nan ne kawai in layin da ya haɗa ƙwayoyin biyu ya yi daidai da hanyar da nutirinon ke bi. In an karkace da kusurwa α, makamashin yana kaɗawa tsakanin ƙari da ragi gwargwadon Er(1 − cos α), inda E yake makamashin nutirinon, don haka ana buƙatar α² ta gaza 1/(Er). Ga nutirino mai MeV 1, 1/E femtomita 197 ne. In tazarar santimita 1 ce, Er ya kai 5 × 10¹⁰, wato α ba za ta wuce wajen radiyan 5 × 10⁻⁶ ba. Tsakiyar rana inda ake haifar nutirinon tana cin wajen radiyan 10⁻³ in an hango ta daga duniya, ninki ɗaruruwa ke nan fiye da abin da aka yarje. Zuciyar tashar nukiliya mai faɗin mitoci, daga mita 10, ta fi haka muni. Mafi muni duka su ne ƙarafan gwajin kansu: dunƙule mai santimita 1 a tazarar santimita 1 yana cin kusan radiyan guda, sai atam wannan ya ja, wancan ya tunkuɗa, jimilla ta share kanta. Blas da Esteban da Gonzalez-Garcia da Salvado sun sake lissafin ba da jimawa ba da la’akari da cewa nutirino na gaske ba igiya ce mara iyaka mai makamashi guda ba, suka sami ƙarin ya zube a nisan da ake gwaji.

Saura atam. Yevgeny Stadnik ya nuna a 2018 cewa auna layukan hasken atam da makamashin cibiya yana ba da iyaka da ta fi ta manyan na’urori kyau da sifiri 18, saboda ilektaron da ke zangon s, ɗaya daga cikin mazaunan ilektaron a atam, yana shiga har cikin cibiya inda 1/r⁵ ke da girma. Gaskiya ne, amma akwai ƙugiya a ciki. Don samun gocewar makamashin ana tara r² dr/r⁵ daga sifiri, wannan kuwa ba ya tsayawa, yana hauhawa da 1/r₀², inda r₀ yake nisan da aka yanke lissafin. Amsar ta koma hannun r₀. A haidurojin girman furoton ne ke yankewa, wajen femtomita 0.84. A miyoniyom, atam ɗin da aka gina da ilektaron da miyon (ɗan’uwan ilektaron mai nauyi) mai cajin ƙari, babu girman da zai yanke, sai an gangara har 1/M na ƙwayar W, wajen mita 2.5 × 10⁻¹⁸, inda nazariyyar Fermi ta daina aiki aka koma cikakken tsarin W da Z. Abin da ya fito daga can ba ƙarfi mai dogon zango ba ne kuma, gyara ne irin na kullum ga musayar ƙwayar Z, ’yar’uwar W mara caji, wanda ke gauraye da zoben sauran ƙwayoyi ba a iya ware shi.

Lambobin miyoniyom suna nuna girman aikin. An auna rabuwar zangonsa na ƙasa a Los Alamos a 1999, gigahaz 4.463, da kuskuren haz 53 (haz kaɗawa ɗaya ce a daƙiƙa, gigahaz kuma biliyan ɗaya). Musayar Z guda ɗaya, wadda G ɗaya ce kawai a cikinta, tana ba da haz 65. Zoben nutirino yana da ƙarin G guda, wanda ke zuwa a ninke da murabba’in wani makamashi: in nauyin Z ne, GM² wajen 0.1 ne, kafin a raba da su π² na zobe. In nauyin miyon ne, 1.3 × 10⁻⁷. Ga kuma lissafin nazariyyar kansa da ke da kuskuren ɗaruruwan haz saboda ba a san nauyin miyon sosai ba, sannan miyon ɗin yana mutuwa cikin maikirodaƙiƙa 2.2, abin da ke faɗaɗa layin. Ana sabunta waɗannan gwaje-gwaje a J-PARC ta Japan da PSI ta Suwizalan, kuma za su amfani fannin ko ba su ga nutirino ba.

Wanda yake son ya ga 1/r⁵ tsantsa, ba tare da dogaro da r₀ ba, sai ya koma zangon da ilektaron ke nesanta kansa da cibiya. Yiwuwar samunsa kusa da cibiya tana tafiya da r^(2ℓ), inda ℓ take lambar zangon (0 ga zangon s), tarawar kuma ba ta tsayawa sai ℓ ta kai 2, wato zangon d. Ghosh da Grossman da Tangarife sun bi ta nan a 2020, suna neman kason ƙarfin da ke bambanta hagu da dama, domin lantarki ba ya yin haka, musayar Z kuma ba ta isa waɗannan zanguna. Dabara ce mai tsafta, farashinta shi ne girma. Tsakanin ilektaron da furoton cajin ya ba da wajen 0.035, kuma ko a nisan Bohr, nanomita 0.053, kason da bai dogara da juyi ba wajen 3 × 10⁻³² eV ne, ƙasa da haz 10⁻¹⁷. Zangon d na farko ya ninka wannan nisa kusan sau goma. Layin haidurojin da aka fi auna shi da kyau, na 1S zuwa 2S, an san shi ne zuwa haz 10.

Muna fatan za a buga wannan gyara a shafin da labarin ya fito. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wasu malaman fiziks, masu karatun jaridarku